Hawan Jini, Tsufa da Taurin Jijiyoyin Jinin Ido

Gabatarwa

Sau da yawa akan ga dattijo ya tashi takanas ya tafi asibitin ido domin a auna masa tabarau, saboda rubutu ya fara yi masa dishi-dishi. Likita ya ɗiga masa magani a ido, ya jira ɗan lokaci, sannan ya ɗauko wata 'yar fitila ya leƙa ciki. Can sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, yaushe rabonka da a auna maka jini?" Dattijo ya yi mamaki, domin shi a saninsa lafiyarsa lau, ba ciwon kai, ba jiri, kuma bai ga abin da ya haɗa ido da awon jini ba. Amma da aka ɗaura masa ma'auni a damtse sai aka tarar jini ya hau, kuma alamu suka nuna ya yi shekaru a haka bai sani ba.

Abin da likitan ya gani shi ne ƙananan jijiyoyin jini da ke shimfiɗe a ƙuryar ido, waɗanda suka tsuke, suka yi kauri, suka yi tauri. Abubuwa biyu ne manyan masu jawo wannan sauyi, watau hawan jini da yawan shekaru. Kowannensu yana da irin nasa aikin a jikin jijiya, kuma idan suka haɗu sai ɗaya ya riƙa ƙara wa ɗaya ƙarfi. A cikin wannan maƙala za mu bi yadda abin ke faruwa daki-daki. Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne: tsukewar da hawan jini ke sa jijiya ta yi da farko tana iya warwarewa idan an yi magani, amma da zarar tsukewa ta rikiɗe ta zama tauri, to, gyaranta ya yi wuya ƙwarai. Tsakanin waɗannan matakai biyu akwai shekaru masu yawa, kuma a cikinsu ne ake da damar ceton ido, har ma da ƙwaƙwalwa.

Tagar da Ake Leƙen Jijiyoyi

A can ƙuryar ido daga ciki akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, wanda likitoci ke kira ratina. Shi ne ke mayar da haske ya zama saƙo, jijiyar gani kuma ta ɗauki saƙon ta kai ƙwaƙwalwa. Ratina na cikin sassan jiki da suka fi cin iskar oksijin idan aka kwatanta da nauyinsu, don haka ba ta jure yankewar jini ko na ɗan lokaci.

Hanyoyi biyu ne ke ciyar da ita. Ta bayanta akwai wata shimfiɗa mai cike da jijiyoyin jini da ake kira koroyid, wadda ke ciyar da rabinta na waje. Rabinta na ciki kuwa jijiya ɗaya ce tak ke kawo masa jini. Wannan jijiya ta samo asali ne daga babbar jijiyar wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Tana kutsawa cikin jijiyar gani kimanin santimita ɗaya a bayan ƙwayar ido, ta ɓullo a cikin ido, sannan ta rabu gida huɗu, kowane reshe ya ci gaba da rarrabuwa kamar rassan itace. A gefen kowane reshe mai kawo jini akwai wani mai mayar da shi zuwa zuciya. Masu kawowa sun fi siranta, sun fi ja mai haske. Masu mayarwa sun fi faɗi, sun fi duhu. A idon mai lafiya, faɗin mai kawowa yakan kai kimanin kashi biyu cikin uku na faɗin mai mayarwa. Manyan rassan ba su fi gashin kai kauri da wani abin kirki ba, don haka da maikiromita ake auna su, watau ɗaya bisa dubu na milimita.

Da yake sassan gaban ido garai-garai suke kamar gilashi, babu wani wuri a jiki da ake ganin irin waɗannan jijiyoyi a baje, jini na gudana a cikinsu, kamar nan. Wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, shi ne ya buɗe wannan taga a shekarar 1851, lokacin da ya bayyana madubin leƙa cikin ido da ya ƙirƙiro. Ba a yi shekara goma ba, a 1859, wani likitan Jamus mai suna Richard Liebreich ya bayyana irin ɓarnar da ya gani a ratinar masu ciwon ƙoda mai tsanani, ɓarnar da daga baya aka gane cewa hawan jini ne babban mai haddasa ta.

Mene ne Taurin Jijiya?

Jijiyar jini ba bututun ƙarfe ba ce. Bangonta hawa uku ne. Hawa na ciki santsi gare shi, shi ne jini ke gogawa. Na tsakiya tsoka ce da ta kewaye jijiyar kamar zobe, tana iya matsewa tana iya saki. Na waje kuwa riga ce mai riƙe jijiyar a wurinta. A cikin bangon akwai zare iri biyu. Akwai ilastin, mai talewa ya koma kamar danƙo, akwai kuma kolajin, mai ƙarfi kamar igiya amma ba ya talewa sosai. Laushin jijiya ko taurinta ya danganta ga yawan kowane zare da kuma lafiyarsa.

Amfanin laushin nan ya fi fitowa fili a uwar jijiyoyi, watau awota, wadda ke fitowa kai tsaye daga zuciya. Zuciya ba ta tura jini a miƙe. Bugu-bugu take yi. Duk bugu ɗaya sai awota ta buɗa ta karɓi jinin, sannan yayin da zuciya ke hutawa sai ta koma a hankali tana tura shi gaba. Ta haka ne jinin da ya fito da ƙarfi ke isa ga ƙananan jijiyoyi a natse. Lambobi biyun da ake karantawa a awon jini, alal misali 120 bisa 80, wannan aiki suke nunawa. Ta sama ita ce matsin jini lokacin bugu, ta ƙasa kuma matsinsa lokacin hutu, duka a ma'aunin milimitar zaiba.

Matsalar ita ce jiki yana saƙa mafi yawan ilastin ɗinsa ne kafin haihuwa da lokacin ƙuruciya, bayan nan kuwa ba ya sabunta shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Zuciya kuma tana bugawa kimanin sau 100,000 a yini, watau fiye da sau biliyan 2 kafin mutum ya cika shekara 60. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon danƙo ya san yadda roba ke gajiya ta tsattsage saboda yawan ja. Haka ilastin ke gutsuttsurewa, jiki ya cike gurbinsa da kolajin, wani lokaci har da alli, watau sinadarin kalsiyam. Yawan sukari a jini yana ƙara ɗaure zaren kolajin da juna, hayaƙin taba kuma yana lalata santsin hawa na ciki.

Ana iya auna wannan tauri ta hanyar duba saurin da girgizar bugun zuciya ke yi a cikin awota, domin jijiya mai tauri ta fi saurin isar da ita. A jikin matashi ɗan ƙasa da shekara 30 saurin yana kusan mita 6 a sakan ɗaya. A jikin wanda ya haura 70 yakan wuce mita 10. Wannan ne dalilin da ya sa lambar sama ke ci gaba da hawa muddin ana tsufa, ita kuwa ta ƙasa takan tsaya wajen shekara 50 zuwa 60, sannan ta fara sauka. Tazarar da ke tsakaninsu sai ta yi ta faɗi. Ma'anar haka ita ce kowane bugu yana isa gaɓoɓi da sauran ƙarfinsa. Gaɓoɓin da suka fi jin jiki su ne waɗanda hanyoyin jininsu ke buɗe dare da rana saboda yawan bukata, watau ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido.

Yadda Jijiyar Ido ke Amsa Hawan Jini

A shekarar 1902 wani masanin aikin jiki a Landan, William Bayliss, ya nuna cewa idan matsin jini ya ƙaru a cikin ƙaramar jijiya, tsokar bangonta takan matse da kanta ba tare da an ba ta umurni ba. Jijiyoyin ratina sun dogara ƙwarai ga wannan ɗabi'a, domin da zarar sun shigo cikin ido babu jijiyoyin saƙo da ke sarrafa su daga waje kamar yadda ake sarrafa na fata ko na hanji. Su ne ke yi wa kansu hukunci. Idan matsi ya hau su tsuke, idan ya sauka su buɗa, domin jinin da ke isa ga ratina ya kasance daidai wa daida. Hawa na ciki na bangon kuma yana fitar da wani sinadari mai suna naitirik oksaid, wanda ke sa tsokar ta saki idan ratina ta bukaci ƙarin jini. Gano aikin wannan sinadari ne ya sa aka ba Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998.

Idan hawan jini ya zauna wa mutum, jijiyar ido takan bi matakai uku.

Mataki na farko shi ne tsukewa. Tsoka ta matse ta ƙi saki, jijiyoyin kawo jini su siranta a ko'ina cikin ratina. A wannan lokaci bangon bai lalace ba tukuna, kariya ce kawai jijiyar ke yi wa ƙananan rassan da ke gabanta.

Mataki na biyu shi ne tauri. Idan aka yi shekaru matsin bai sauka ba, sai jijiyar ta sake gina bangonta a kan wannan tsukakken fasali. Bango ya yi kauri, ƙwayoyin tsoka su ragu, kolajin da wani abu mai kama da daskararren kitse su maye gurbinsu. Abin da dā tsoka ke riƙewa da ƙarfinta, yanzu ya zama gini. Misalinsa kamar fata ce da aka bari ta bushe a naɗe: tun tana ɗanya ana iya buɗe ta, amma idan ta zama ƙirgi sai dai ta tsage.

Mataki na uku shi ne yoyo, kuma ba kowa ke kaiwa gare shi ba. Yana faruwa ne idan matsi ya yi hawan da ya fi ƙarfin tsokar. Bango ya fashe, jini da ruwa da kitse su tsiyaya cikin ratina, wasu ƙananan rassa su toshe, wuraren da suke ciyarwa su rasa jini. Idan abin ya kai matuƙa, bakin jijiyar gani kansa sai ya kumbura. Ba tilas ba ne a bi matakan a jere. Matashin da jininsa ya yi mummunan hawa farat ɗaya, kamar mai ciwon ƙoda ko mace mai hawan jinin ciki wanda kan kai ga jijjiga, yana iya faɗawa mataki na uku ba tare da ya bi ta na biyu ba.

Rabon Tsufa a Cikin Lamarin

Ko da jinin mutum bai taɓa hawa ba, shekaru su kaɗai suna sa jijiyoyin ratina su ɗan tsuke, bangonsu ya yi kauri, tsokarsu ta ragu, sinadarin da ke sa su saki shi ma ya ragu. Shimfiɗar koroyid ma tana sirancewa da tsufa. To, yaya za a rarrabe aikin tsufa da na hawan jini?

Wani bincike da Ronald Klein da Barbara Klein na Jami'ar Wiskonsin suka jagoranta a garin Beaver Dam na Amurka ya ba da amsa mai gamsarwa. Daga 1988 zuwa 1990 an ɗauki hoton cikin idon mutane kusan 5,000 masu shekara 43 zuwa sama, daga baya aka auna faɗin jijiyoyinsu da kwamfuta. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna cewa duk ƙarin shekara 10 yana rage faɗin jijiyoyin kawo jini da kimanin maikiromita 2, alhali duk ƙarin maki 10 a matsakaicin matsin jini yana rage shi da fiye da maikiromita 4. Ke nan hawan maki 10 kacal ya yi daidai da tsufan shekara 20 ta fuskar tsukewa.

Wani abu mafi jan hankali ya fito da aka raba mutanen bisa ga shekarunsu. A wajen masu shekara 43 zuwa 54, hawan maki 10 ya tsuke jijiya da kimanin maikiromita 7. A wajen masu shekara 75 zuwa 84 kuwa, hawan maki 10 ɗin nan bai tsuke ta da fiye da maikiromita 2 da rabi ba. Mai karatu zai iya zaton wannan alheri ne ga tsofaffi, amma ba haka abin yake ba. Jijiyar tsoho ta kasa tsukewa ne saboda ta riga ta sandare. Ta rasa kariyar nan da Bayliss ya bayyana, don haka ƙarfin bugu yana wucewa ta cikinta ya isa ga rassa mafi ƙanƙanta. Kuma kamar yadda ta kasa tsukewa idan matsi ya hau, haka take kasa buɗawa yadda ya kamata idan matsi ya faɗi. Shi ya sa likitoci ke saukar da jinin da ya yi mummunan hawa sannu a hankali, domin saukarwa farat ɗaya tana iya barin jijiyar gani da ƙwaƙwalwa cikin ƙarancin jini.

Na'urorin zamani sun ƙara fayyace wannan bambanci. Akwai kyamarar da ke gyara karkacewar haske a cikin ido, dabarar da aka aro daga masu nazarin taurari, wadda ke nuna bangon jijiya da kogonta kowanne daban. Binciken da aka yi da ita a birnin Faris, aka buga a 2016, ya nuna cewa tsufa da hawan jini duka suna ƙara kaurin bango, amma hawan jini yana ƙarawa da tsuke kogon da jini ke bi. Da aka ba masu hawan jini magani jininsu ya sauka, cikin ɗan lokaci kogon ya buɗa, amma yawan naman bangon bai ragu ba. Akwai kuma wata na'ura da aka ƙera a Jamus, mai walƙa haske a ido tana auna yadda jijiya ke buɗawa domin amsa shi. Jijiyar mai lafiya takan ɗan buɗa nan take, ta mai hawan jini ko ciwon sukari kuwa buɗawarta ba ta kai haka ba.

A taƙaice, abubuwan biyu suna ciyar da juna. Tsufa yana taurara awota, taurin awota yana ɗaga lambar sama, hawan lambar sama yana tsuke ƙananan jijiyoyi yana taurara su, tsukewarsu kuma tana ƙara wa jini wahalar wucewa, matsi ya ƙara hawa.

Abin da Likita ke Gani, da Abin da ke Biyo Baya

Bangon jijiya mai lafiya garai yake, jinin ciki kawai ake gani. Idan ya yi kauri sai ya riƙa mayar da hasken fitilar likita, jijiyar ta yi ƙyalli kamar wayar tagulla. Idan kaurin ya ƙaru har ya rufe jan jinin, sai ta koma fara kamar wayar azurfa.

Alama ta biyu tana bayyana a mararraba, inda jijiyar kawowa ta gitta ta mayarwa. A irin wannan wuri riga ɗaya ce ta naɗe su duka biyu, kuma galibi mai kawowa ce a sama. Idan ta yi tauri sai ta danne 'yar'uwarta mai laushin bango, a ga mai mayarwa ta tsuke ta kowane gefe kamar an maƙure ta. Wani likitan ido ɗan Sukotilan da ke aiki a Landan, Marcus Gunn, shi ne ya bayyana wannan dalla-dalla a 1898, kuma har yau da sunansa ake kiran alamar. Alamun mataki na uku kuwa su ne jini mai fasalin harshen wuta, da farare-fararen tabo kamar an yayyafa auduga, da ɗige-ɗigen kitse, da kumburin bakin jijiyar gani.

A 1939 likitoci uku na asibitin Mayo a Amurka, Keith da Wagener da Barker, suka kasa masu hawan jini gida huɗu bisa ga waɗannan alamu. A wancan zamani babu maganin hawan jini mai inganci. Bayan shekara uku, kimanin 70 cikin 100 na rukunin farko suna raye, amma a rukuni na huɗu, masu kumburin bakin jijiyar gani, kimanin 6 ne kawai cikin 100 suka rage. Magungunan da aka samu daga baya sun sauya wannan labari ƙwarai, sai dai darasin yana nan, cewa abin da ke cikin ido manuniya ce ga abin da ke cikin jiki. A 2004 Tien Yin Wong da Paul Mitchell suka sauƙaƙa rabon zuwa gida uku: mai sauƙi, da matsakaici, da mai tsanani.

Tauri shi kaɗai ba ya rage gani, kuma ba ya ciwo. Haɗarinsa yana cikin abin da yake share wa hanya. Idan danniyar mararraba ta yi yawa, jini yana iya daskarewa a cikin jijiyar mayarwa ta toshe, jini ya taru a baya ya fantsama cikin ratina. Mutum sai ya wayi gari wani sashe na ganinsa ya dushe. Toshewar jijiyar mayarwa ita ce ta biyu a yawa cikin cututtukan jijiyoyin ratina, bayan ɓarnar ciwon sukari, kuma hawan jini da tsufa su ne manyan dalilanta. Mafi muni shi ne toshewar jijiya ɗayan nan mai kawo jini, galibi saboda wani ɗan gutsure da ya ɓalle daga bangon jijiyar wuya ko daga zuciya. Ido ɗaya sai ya mutu nan take ba tare da zafi ba. Gwaje-gwajen da Sohan Singh Hayreh ya yi a kan birai a Jami'ar Ayowa sun nuna cewa ratina tana jure kimanin minti 100, amma idan aka kai awa 4 ɓarnar ta zama ta dindindin. Saboda haka duk wanda ganin ido ɗaya ya ɗauke masa farat ɗaya, ko da ya dawo bayan 'yan mintoci, to, ya garzaya asibiti a ranar, domin ɗan'uwan shanyewar ɓarin jiki ne, kuma sau da yawa gargaɗinta ne.

Ido a Matsayin Ɗan Aiken Ƙwaƙwalwa

Ratina tsiro ce daga ƙwaƙwalwa tun ɗa yana ciki, kuma ƙananan jijiyoyinsu sun yi kama a girma da gini da ɗabi'a. Wani babban bincike da aka fara a yankuna huɗu na Amurka a 1987 ya ɗauki hoton idon mutane fiye da 10,000 tsakanin 1993 da 1995, ya ci gaba da bin lafiyarsu. Rahoton da aka buga a 2001 ya nuna cewa waɗanda aka ga alamun yoyo a ratinarsu sun fi sauran haɗarin shanyewar ɓarin jiki ninki biyu zuwa uku, ko da an cire tasirin awon jininsu na ranar. Binciken ya kuma gano cewa mutanen da jininsu bai hau ba, amma jijiyoyin idonsu suka fi tsukewa, sun fi saurin kamuwa da hawan jini a shekarun da suka biyo baya. Haka nan an fi samun ɓarnar ratina a wajen baƙaƙen fatar Amurka fiye da farare, kuma babban dalili shi ne jininsu ya fi hawa.

Hikimar abin ita ce ma'aunin damtse yana faɗin matsin jini na wannan sa'a ne kawai, jijiyar ido kuwa tana ɗauke da tarihin shekaru. A 2018 masu bincike na kamfanin Google suka horar da kwamfuta da hotunan idon mutane fiye da 280,000, har ta iya kintatar shekarun mutum daga hoton kaɗai, kuskurenta bai wuce kimanin shekara 3 ba a matsakaici, ta kuma kintaci lambar sama ta jininsa da kuskuren kimanin maki 11.

Wani Ruɗani da Ya Kamata a Kawar

A ƙasar Hausa an saba kiran cutar gilakoma da sunan "hawan jinin ido". Wannan suna yana ruɗa mutane. Gilakoma ta shafi matsin wani ruwa ne da ke cikin ƙwayar ido, wanda a idon mai lafiya yakan tsaya tsakanin maki 10 da 21, kuma ɓarnarta a jijiyar gani take. Mutum yana iya samun gilakoma alhali jinin jikinsa daidai yake, yana kuma iya samun hawan jini alhali matsin ruwan idonsa daidai yake. Awonsu daban, maganinsu daban. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna gilakoma ce ta biyu wajen makantar da masu shekara 40 zuwa sama, bayan yanar ido. Don haka idan an je asibitin ido ya kyautu a nemi a duba duka biyu.

Abin Yi

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa masu hawan jini a duniya sun ƙaru daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ma'aunin da hukumar ke amfani da shi shi ne 140 bisa 90 ko sama da haka, idan an auna a ranaku daban-daban. Tun da cutar ba ta da ciwo, babu hanyar saninta sai awo. Duk baligi ya kamata ya riƙa auna jininsa a kai a kai, musamman idan ya haura shekara 40, ko akwai cutar a danginsa. Mace mai ciki kuma kada ta yi wasa da zuwa awo, kuma idan ta fara gani dishi-dishi ko tana ganin walƙiya tare da ciwon kai, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba.

Wanda aka ɗora wa magani ya daure ya ci gaba da sha ko da yana jin garau. Sha yau a bari gobe yana barin jijiya cikin matsi mafi yawan lokaci, ginin tauri kuma ya ci gaba. Hukumar ta ba da shawarar kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin cokalin shayi ɗaya. A tuna cewa sinadarin sodiyam da ke sa gishiri ɗaga jini yana nan a cikin kanwa da dunƙulen ɗanɗanon miya, don haka su ma a sa su cikin lissafi. Barin taba, da tafiyar ƙafa, da rage ƙiba, da kula da sukari, duk suna rage saurin taurin jijiya. Mai hawan jini, balle wanda ya haɗa da ciwon sukari, ya nemi a ɗiga masa magani a leƙa cikin idonsa lokaci-lokaci yadda likita ya tsara masa, ko da ganinsa ras yake.

Kammalawa

Mun ga cewa tsufa yana cinye laushin jijiya a hankali, hawan jini kuma yana tsuke ta yana gaggauta taurinta. Idan aka saukar da jini, kogon jijiya yakan buɗa, jinin da ya zuba da tabon auduga sukan washe cikin makonni ko watanni. Amma wayar azurfa da danniyar mararraba sukan zauna wa mutum har ƙarshen rayuwarsa. Shekaru ba su da magani, hawan jini kuwa yana da shi, kuma awonsa bai wuce minti biyar ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai shekara 40 da ya auna jininsa bana, ya kuma riƙe magani idan an ɗora masa, shi ne wanda ake sa ran zai kai shekara 70 da jijiyoyin da har yanzu ke iya tsukewa da buɗawa.